Faifai Uku, Ƙwarya Tara

Ƙarfe biyun dare a Daura.
Janareta ya yi tari ya mutu, muka koma tocila.
Taswira na shimfiɗe kan teburin wani hedimasta,
kofin shayin da ya huce ya danne mata kusurwa.

Motocin kakkaɓo jirage uku aka ba ni.
A takarda huɗu ne.
Ta huɗun tana Katsina bisa duwatsu,
tana jiran wani ƙarfe tun watan Sha'aban.
Wuraren da aka ce in tsare kuwa, tara.

Saje Ilu ya tsinto marafan kwalba uku,
ya zuba mini a tafi.
"Yallaɓai, ɗora."

Na ɗora ɗaya kan asibiti, ba wanda ya yi tari.
Na biyu kan dam,
don ƙishirwa ba ta buƙatar jirgi kafin ta kashe gari.
Na ukun ya yi gumi a hannuna.
Rumbun hatsi na kallona, ma'ajiyar mai na kallona,
gada, tashar wuta, makarantar kwana,
da kasuwar Mai'aduwa wadda ran Lahadi
ko allura ka jefa, a kan mutum za ta sauka.

Waya ta yi ƙara. Wani mai rawani da muƙami
yana tambaya ko gidansa na cikin lissafi.
Na ce layin ba kyau.

Da zare da fensir muke zana iyakar kowace mota.
Abin da ke cikin da'ira, mun yi masa alkawari.
Abin da ke waje, Allah ya kyauta.
Ƙauyenmu ya faɗo waje da faɗin yatsa guda.
Na matsa murfin kaɗan, ya shigo,
sai ɗakin haihuwa ya fita ta ɗaya gefen.
Ilu ya ga hannuna. Ya kau da kai, yana gyaran igiyar takalmi.
Na mayar da murfin inda yake.

Hajjo, ke kika san wannan lissafin kafin ni.
Faifanki uku, ƙoren nono tara,
kina rufe na sayarwa,
sauran ki zauna kansu kina kaɗa hannu har la'asar.
Amma ƙudan yanzu ba matuƙi a cikinsa,
yana tasowa daga hayin iyaka ƙasa-ƙasa,
yana bin kan gawo da kuka kamar ya san hanya,
kafin rada ta ce ga shi, ya wuce gonaki biyu.

Sai muka nemo Bishir mai walda.
Da bututun rijiyar burtsatse da tsohuwar akori-kura
ya ƙera mana ta bogi, ya shafe ta da koren fenti.
Muka kai ta fako, nesa da kowa,
don idan shirwa ta kawo sura, ta ɗauki tsumma.

Jiya da magariba Hajjo ta kira.
Muryarta fal murna.
"Tukur, mun ga bindigar da ka aiko mana.
Allah ya yi maka albarka.
Duk mun kwashe tabarmi, can muke kwana gindinta,
har yara sun daina firgita."

Waya ce, kunnuwa nawa ke kanta ban sani ba.
Na ce amin.

Yanzu Ilu ya tafi da mutum shida,
zai janye ta kafin assalatu.
Gobe za a ce ɗan Hajjo ya ba da ya ƙwace,
za a ce kaki ya cinye masa zuciya.
Su faɗa. Mai rai ne ke zagi.

Marafai uku na nan inda na bar su.
Yaron da ke gaban rada ya ce ya ga wani ɗigo ta arewa,
wataƙila shamuwa ce, damina ta kusa.
Na ce ya ci gaba da kallo.